Yadda na sayi gida a Gadarif bayan mun baro Hartum

Ranar Asabar 15 ga Afrilu 2023, ashirin da huɗu ga watan azumi, na dawo daga wajen mahauta da naman da zan gasa bayan shan ruwa, sai muka fara jin ƙarar harbi daga ƙetaren kogi. Shekara goma sha tara ina sana'ar agashe a Hartum, kuma da kuɗin agashen nan na gina gidana a unguwar Hajj Yusuf, ɗaki bayan ɗaki. Muka daure har bayan sallah. Da wuta ta ɗauke, famfo ya ƙafe, kasuwa ta mutu, sai muka haɗa abin da hannu zai iya ɗauka: takardun gida, zinaren uwargida, wuƙaƙena biyu na aiki. Na ba maƙwabcina makulli na ce masa mako biyu za mu yi.

Gadarif muka nufa, tafiyar kilomita ɗari huɗu da 'yan kai, saboda Kawu yana can. Kakanninmu sun biyo hanyar aikin hajji daga ƙasar Hausa, wasu suka tsaya a Mai Wurno, wasu suka wuce gabas suka kama noma, to Kawu cikin zuriyar waɗanda suka kama noman yake. Ya ba mu bukka guda a cikin gidansa, irin wadda ake kira guɗɗiyya, mu bakwai. Wata huɗu muka yi a ciki kafin na kama haya, na kuma kafa tukubata a bakin hanya.

Hayar ce ta fara koya mini cewa garin nan ba ya tafiya da lissafin da na sani. A Disamba 2023 birnin Madani ya faɗa hannun dakarun da ake kira RSF, masu yaƙi da sojojin Sudan, mutane suka kwararo Gadarif har makarantu suka cika. Mai gidan da nake haya ya zo ya ninka kuɗi, ya ce kuma na wata uku yake so a dunƙule. Da Sinja ta faɗi a ƙarshen Yunin 2024, wani ayarin ya sake shigowa, ya sake dawowa da sabon farashi. Ban riƙe shi a zuciya ba, shi ma buhun dawa yake saye a kasuwar da nake saye. Amma kullum na miƙa masa kuɗi sai in ji kamar ina zuba ruwa a kwando.

Ga kuma kuɗin da ke ajiye. Kafin yaƙi dala ɗaya ba ta wuce jine 600 ba, jine kuwa shi ne kuɗin Sudan. Kafin daminar 2024 ta ƙare ta haura 2,000 a kasuwar bayan fage. Tun kafin ta kai haka yayana da ke Jidda ya kira ni ya ce, "Ƙanena, kuɗin da ke hannunka gishiri ne a damina. Ka mayar da shi ƙasa, zan ƙara maka abin da ya sawwaƙa." Na ce masa to, amma na yi wata da watanni ban motsa ba. A raina, sayen gida a Gadarif daidai yake da in ce na haƙura da na Hajj Yusuf, kuma ban shirya faɗin haka ba. Uwargida ce ta warware mini. Wani dare bayan yara sun yi barci ta ajiye ƙunshin zinarenta a gabana ta ce, "Malam, in gidan can yana nan, yana nan, ba sayen wani ne zai rushe shi ba. Yaran nan suna bukatar ƙofar da ba wanda zai ƙwanƙwasa a ƙarshen wata."

Na fara nema da idon mutumin Hartum. A can, in za ka sayi gida, abin da za ka tambaya sananne ne: nisansa da gada, ko motar haya tana biyowa, wane murabba'i ne, wato wane yanki na unguwa, akwai wuta ko babu. Da waɗannan tambayoyin na bi dillali, wanda a nan muke ce wa simsar, ya kai ni wani gida cikin watan Afrilu, rani tsakiya. Jan bulo, sabon fenti, tayil a ƙasa, taku kaɗan zuwa kwalta. Zuciyata ta kwanta da shi nan take. Simsar ya ce akwai wani ɗan kasuwa da ya baro Madani yana zuwa da kuɗi gobe, in ina so in ba da arabun, wato kafin alƙalami, yau. Na ce ya ba ni zuwa la'asar in zo da babbana.

Kawu bai ko kalli fentin ba. Ya zagaya bayan gida, ya samu wata tsaga a ƙasa, ya zura sandarsa, sanda ta shige har kusan mariƙi. Ya dawo ciki ya buɗe kowace ƙofa ya rufe, biyu suka ƙi rufuwa sai da ya sa kafaɗa. Sannan ya kama hannuna ya ɗora a kan bango kusa da taga, ya ce in shafa. Ƙarƙashin fentin akwai sabon yaɓe da ya tafi a karkace daga kusurwar taga har ƙasa. Ya ce, "Ɗana, wannan gidan ya tsage, an ɗinke shi ne don kai."

A hanyar komawa ya yi mini bayanin da ba wanda ya taɓa yi mini. Ƙasar Gadarif baƙar laka ce. In ta sha ruwa sai ta kumbura, in rani ya yi sai ta tsuke ta dare, har akuya kan karye a cikin tsagar. Ita ce ta sa yankin ya zama rumbun dawa da riɗi na Sudan tun da aka fara noman tarakta a nan cikin shekarun 1940, kuma ita ce ke ɗaga gini ta sauke shi kowace shekara har sai ya gaji. Ya ce kada in ɗauka talauci ne kaɗai ya sa mutanen garin suka riƙe bukka. Bukka ba ta da nauyi, in ƙasa ta motsa sai ta bi ta. Wanda zai yi ginin bulo a nan dole ya haƙa har ya wuce lakar ya tarar da ƙasa mai ƙarfi, ya kafa ginshiƙan kankare, ya ɗaure su da ɗamarar ƙarfe da siminti kafin ya ɗora bulo ko guda. Wannan aikin duk a ƙarƙashin ƙasa yake, ido ba ya ganinsa, shi ya sa mai son gina na sayarwa yake tsallake shi ya zuba kuɗin a tayil. Ya ce in an nuna mini gida in tambayi sunan maginin da ya yi shi, in neme shi, in sha shayi da shi, in tambaye shi zurfin da ya haƙa. Ya rufe da cewa, "Kuma kada ka sayi gida a garin nan sai ka gan shi cikin Agusta."

Daga ranar na daina zuwa ganin gida ni kaɗai. Da ɗan gari akan ci gari.

Maganar ruwa kuwa uwargida ce ta ɗauke ta. Ni da na girma tsakanin Nilu biyu ban taɓa tambayar mai gida ko akwai ruwa ba. In ka ga famfo a tsakar gida, magana ta ƙare. Gadarif ba ta da kogi. Ruwanta daga Shuwak ake turo shi ta bututu, daga kogin Atbara, sai kuma rijiyoyi, kuma bai taɓa isar garin ba ko kafin mu baƙi mu ƙaru a kai. Akwai gidajen da famfonsu ke tsaye shekara da shekaru bai ɗiga ba, masu su suna sayen ganga daga masu karo, wato amalanken jaki. Simsar ba zai gaya maka wannan ba, mai gida ma haka. Sai ta riƙa shiga gidajen maƙwabta da sallama, ta zauna da mata, a yi kofi, ta tambaye su kwana nawa ruwa ke zuwa a mako, da ƙarfe nawa, ganga nawa suke saye cikin Mayu. Gida uku muka bari saboda abin da ta jiyo. Ta yi lissafi ta nuna mini cewa a wata unguwar kuɗin ganga na wata ya kusa rabin hayar da muke gudu.

Sai kuma ruwan da ba a so. Akwai kwarin da ya ratsa garin, Khor Abu Farga, wanda in ka gan shi da rani za ka ce hanyar shanu ce. Da damina yakan cika ya yi ambaliya. An nuna mini fili a gefensa da farashin da ya sa na tambaya sau biyu ko na ji daidai. Araha ba ta ado, ban koma ba.

Abin da ya fi ba ni wahala a zuciya shi ne maganar takarda, domin ta haɗa ni da mutanena. Wani dattijo a unguwar da Hausawa suka fi yawa ya yi mini tayin gida: fili mai faɗi, bishiyar darbejiya biyu, masallaci da makarantar allo a bakin ƙofa, kowa a layin yana jin yarenmu. Kuɗinsa bai kai rabin na sauran ba. Da na tambayi takarda sai ya fito da wata guda mai sa hannun shaidu da hatimin kwamitin unguwa. Hiyaza ce, wato mallakar zama, ba ta cikin rajistar filaye. Kawu yana son in saya. Ya ce shekara hamsin suna zaune a haka ba wanda ya tashe su.

Na je wurin lauya da takardar. Ya ce tun dokar 1970, zamanin Numairi, duk ƙasar da ba a yi wa rajista ba ta gwamnati ce a idon hukuma, kuma dokar mu'amalolin 1984 da ta zo bayanta ba ta sauya wannan tushen ba. Ya ce mai hiyaza yana iya zama har ya mutu lafiya, amma ranar da aka zo tsara unguwa aka ja layin titi, in ya bi ta tsakiyar ɗakinka, sai dai ka shiga layin neman a ba ka wani filin, kuma wanda ya saya jiya ba ya gaban wanda aka haifa a wurin. Ya ƙara da cewa ko gidajen birni masu rajista yawancinsu hikir ne, hayar ƙasa ce mai dogon wa'adi daga gwamnati, amma dai sunanka yana cikin littafi, da lambar fili da lambar murabba'i.

Wannan abu yana yi mini ciwo har yau. Mutanenmu sun share dajin nan, sun noma shi, sun binne iyayensu a cikinsa, amma da yawansu ba su da layi ɗaya a littafin filaye. Wasu iyayen ba su ga amfanin zuwa ofis ba, wasu kuwa sun je an tsare su da tambayar asali har suka gaji suka dawo. Ina roƙon duk ɗan'uwan da ke da lambar ɗan ƙasa ya bi maganar filinsa tun yana da ƙarfi, kada ya bar wa marayu takardar shaidu. Ni dai da na riga na bar gida ɗaya a baya, ban iya sa zinaren matata a kan abin da ba shi da rajista ba. Na je na ba dattijon haƙuri da bakina. Kawu ya yi kwana biyu yana amsa gaisuwata a taƙaice, daga baya ya sauko.

A cikin wannan yawon na gane cewa kasuwar haya daban, kasuwar saye daban. Masu gudun hijira haya suke nema, domin kowa yana cewa gobe zai koma. Masu saye su ne 'yan kasuwar da ke gudun riƙe jine, da waɗanda ke da ɗan'uwa a Saudiyya ko Daular Larabawa. Masu sayarwa kuma da yawansu manoma ne, kuma kalandar gona ce ke juya su. Daga Yuni zuwa Satumba manomi yana neman kuɗin man dizal, da iri, da na 'yan ƙwadagon cire ciyawa, to a lokacin yana sauraron tayi. In riɗi ya shiga kasuwar amfanin gona a Oktoba da Nuwamba, aljihunsa ya cika, sai ya ce ya fasa, ko ya ɗora. Wani ma ya gaya mini ƙarara cewa shi ba da jine yake lissafin gidansa ba, da gangar dizal yake yi, in dizal ya tashi gobe gidan ya tashi. Ashe shawarar Kawu ta Agusta riba biyu ce: ka ga gida a mafi munin halinsa, ka kuma tarar da mai shi a lokacin da yake bukatarka.

Cikin Agustan 2024 muka same shi. An kwana ana ruwa, raksha, wato keke mai ƙafa uku, ta ajiye mu a bakin kwalta ta ce ba ta shiga, muka cire takalma muka riƙe a hannu, laka tana kama ƙafa kamar ta ƙwace. Da muka matso sai ƙasar ta sauya, ta zama mai tsakuwa, wurin ya ɗan yi tudu. Gidan ba abin nunawa ba ne: fili mai murabba'in mita 300 a unguwa mai daraja ta uku a tsarin filayen gwamnati, ɗakin bulo guda, bukka biyu, rumfa, katanga rabi bulo rabi zana. Amma tsakar gidan babu ruwa kwance, ƙofar ɗakin ta rufu da yatsa ɗaya, kuma maginin yana da rai, mun same shi, ya gaya mana abin da ya zuba a ƙasa. Matan layin suka ce ruwa yana zuwa sau biyu a mako, da dare. Kawu ya daki bangon da sandarsa ya ce, "Wannan ka yi magana."

Maganar ce ta ɗauki wata uku. Mai gidan ya rasu, magada biyar ne, babbansu ne ke sayarwa da wakilcin sauran. Lauyana ya ce kada in ba da ko jine ɗaya sai an kawo abu uku a teburinsa: sabuwar shahadar bahas daga ofishin rajistar filaye, wadda aka fitar musamman don sayarwa, mai nuna sunan mai fili da ko akwai jingina ko ƙara a kansa, sai i'ilamin shari'a daga kotu mai lissafa magada, sai takardar wakilcin kanta. Da aka jera su ya bi suna bayan suna da biro, sai ga shi i'ilami ya ce biyar, wakilci ya ce huɗu. Akwai 'yar'uwarsu da ke aure a Kasala, ba ta sa hannu ba. Babban ya ce ai ƙanwarsa ce, ba za ta ƙi ba, a ci gaba. Lauya ya ce in ta ƙi bayan shekara goma, ko 'ya'yanta suka ƙi, wa zai tsaya? Ni ma na ce haƙƙinta ne, a tambaye ta.

Mako shida kafin takardarta ta iso, kuma cikin mako shidan nan jine ya ƙara faɗuwa, riɗi ya fara shigowa. Babban ya ce farashin da muka yi ya tashi. Na ce jinkirin daga gidansu ya fito. Muka yi zama biyu ba a daidaita ba, har na fara cire rai. A na ukun aka kira limamin unguwa da Kawu, aka zauna a rumfar gidan. Liman ya ce wa babban, "Alhaji, kai ka ba da kalma." Ya juyo gare ni ya ce, "Kai kuma Malam, ka san abin da kuɗin nan zai saya musu yau bai kai na ranar da kuka yi magana ba, kuma akwai marayu a ciki." Aka raba ƙarin biyu, na ɗauki rabi. Da na san haka tun farko, da na sa an rubuta farashi da wa'adi a gaban lauya ranar da muka shirya, da abin da zai faru in wa'adin ya wuce.

Sauran ƙananan abubuwa suka biyo. Ma'aunin ƙasa ya zo da taswirar fili ya ja igiya, ya tarar katangar maƙwabci ta shigo da kusan mita guda. Muka yarda a rubuce cewa za a gyara ranar da zan sa bulo a wannan gefen. Aka tarar da bashin awayid, harajin gida na ƙaramar hukuma, na shekaru, aka cire daga kuɗin magada. Simsar ɗaya na sani, ranar biya sai ga uku, kowa yana cewa shi ya ji labarin gidan ya gaya wa wane. Allah ya taimake ni na riga na yanke la'ada da nawa a gaban Kawu, na ce su je su raba a tsakaninsu.

Ga 'yan'uwa na Najeriya da Nijar da za su karanta wannan, akwai wani abu game da bakinmu a nan. In ɗan Sudan ya ce miliyan, jine dubu yake nufi. In ya ce milyar, miliyan yake nufi. Har yanzu da tsohon jine muke ƙirga, wanda aka maye da dinari a 1992, aka sake dawo da sabon jine a 2007, kowane sabo ɗaya a bakin tsoho dubu. Duk cinikinmu da milyar muka yi shi. Da aka zo rubutu lauya ya sa kowa ya yi shiru, ya rubuta adadin da lambobi, ya sake rubuta shi da kalmomi da jinen da ke aiki yau, ya karanta da ƙarfi sau biyu, ya tambayi kowane magaji ko haka ya fahimta.

Ta Bankak, manhajar banki ta waya, na biya, cikin kwanaki, saboda akwai iyakar abin da ake turawa a rana. Kowace turawa a ofishin lauya muka yi ta, kuma babban bai yarda da hoton shaidar turawa ba sai ya buɗe asusunsa ya ga kuɗin sun zauna, abin da na ga dacewarsa. A Nuwamba muka sa hannu. A Disamba aka fara canjin takardun jine 500 da 1,000, mutane suka kwana a layin banki da buhunan kuɗi, ni kuwa abin da ya rage mini bai fi na cefane da jarin nama ba. Ban saki jiki ba duk da haka, domin lauya ya ce kwangila ba ita ce ƙarshe ba, sai an sauya suna a rajista. Na yi ta zirga-zirga har Janairun 2025, aka miƙo mini sabuwar shahada da sunana da na mahaifina da na kakana. A cikin makon ne sojoji suka karɓe Madani, ranar 11 ga wata, gari ya cika da guɗa.

A Maris aka karɓe Hartum. Bayan ƙaramar sallah na hau mota na je Hajj Yusuf ni kaɗai. Bangon yana tsaye. Ƙofofi babu, tagogi babu, an fasa bango an zare wayoyin wuta, maƙwabcin da na ba makulli ban samu wanda ya san inda yake ba. Na zauna a dandamalin da nake shan shayi da asuba, na daɗe, sannan na toshe ƙofar waje da bulo da laka na kwana a masallaci na juyo.

Tun daga lokacin mutane suna ta komawa, haya ta ɗan sauka a unguwarmu, har wani abokin sana'a ya ce mini na yi gaggawa, da na jira da yanzu ina gida. Ban yi masa gardama ba. Takardun Hajj Yusuf suna cikin jaka ɗaya da na Gadarif, kuma ban sayar ba, ban kuma ce ba zan koma ba. Yaran dai sun shiga makaranta a nan, babbar ta fara haddar izu na goma wurin malamin layinmu.

Yanzu ɗaki na biyu muke yi, ina so a rufe shi kafin ruwan Yuni. Na nemo maginin da ya yi na farkon. Jiya ma'aikata suka kai ƙugu suka ce ya isa, ya sauka ramin da kansa, ya ɗebo ƙasar ya murza a tafin hannu, ya ce har yanzu akwai laka, a ƙara. Da safen nan na aika a ƙaro ƙarfe, Kawu kuma ya sa an kawo masa kujera bakin ramin, ya ce ba zai tashi ba sai ya ga an zuba kankaren ginshiƙin farko.